Tambaya da Amsa: Jirgin ruwan alfarma ne ya lalace bayan korona, ko ɗan Hajiya ne ya sayi tikitin araha?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a filin namu. Wannan makon kam abun dariya abun mamaki, saƙonni uku suka faɗo min duk a kan jirgin ruwan yawon shaƙatawa, mu da ruwanmu bai wuce dam ɗin Dadin Kowa da na Gubi da wankan Wikki a Yankari ba. Toh amma duniya ta zama ɗaya, 'ya'ya sun bazu ƙasashe, iyaye suna ganin abubuwa. Bari mu fara da ta manya.

TAMBAYA: Salamu alaikum 'yata, ina gajiya ina aiki. Ni dattijuwa ce daga Gombe, jikata ce take buga min wannan a waya tana ta min dariya, ja'ira. Ɗana yana aiki a Ingila, a 2018 ya ɗauke ni da matarsa muka yi kwana 7 a jirgin ruwa a tekun Bahar Rum, wallahi tunda nake ban ga hidima irin wannan ba, yaron da ke gyara min ɗaki tun ranar farko ya riƙe cewa Hajiya ake ce min, safe da yamma yana gyarawa, da ya ga ina shimfiɗa mayafi in yi sallah sai ga shi da tawul babba sabo ya ce wannan na sallah ne kawai. Mai kawo abinci kuma sau ɗaya na ce ban cin alade ban shan giya, shikenan bai sake bari na maimaita ba. To a 2023 muka koma, kamfanin dai shi ne, amma shayi sai in jira har in manta na ce a kawo, kifi ya zo da sanyi, ɗaki sau ɗaya ake lekowa, kuma har sau uku ana kawo min ƙwai da yankan alade a gefe ina mayarwa. Shin abun ne ya lalace bayan korona ko yaron nan ne ya sayi tikitin araha ya ɓoye min? Ɗan fari ne, kin san ba zan iya zama in titsiye shi ba. Daga wata Hajiya, Jekadafari, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, a gaida mai buga waya, a ce mata ta rage dariya ita ma tsufan na tafe. Tun kafin in yi nisa bari in wanke ɗanki Alhaji ƙarami, don abun da kika lissafa ɗin nan dubban mutane da suka biya kuɗi tsababa sun yi kukansa a 2022 da 2023, har da waɗanda suka shekara ashirin suna hawa jiragen nan. Ki sa masa albarka kawai.

Ga yadda abun ya faru. A watan Fabrairun 2020 aka tsare wani jirgi mai suna Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum sama da 3,700 a ciki, sama da 700 suka kamu da korona, duniya duk tana kallo a talabijin. Ranar 14 ga Maris na shekarar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta hana jiragen nan tashi daga tashoshin ƙasar, kuma babban jirgi bai sake ɗaukar fasinja daga Amurka ba sai ƙarshen Yunin 2021. Wata 15 kenan Hajiya yawancin jirage na tsaye a ruwa kusan ba ko sisi da ke shigowa, alhali jirgi ba kamar mota ba ne da za ki kulle a gareji ki rufe da tamfol, dole injin na aiki, dole akwai mutane a ciki suna kula da shi, yana shan mai yana cin kuɗi. Kamfanin Carnival, wanda shi ne babba a harkar, ya yi asarar sama da dala biliyan 10 a 2020 kaɗai, bashin da ke kansa ya tashi daga wajen biliyan 11 ya haura biliyan 30. Suna kan ruwa kuɗin ruwa na cin su. Wani ma bai kai labari ba, Crystal Cruises da ake ji da shi wajen alfarma ya durƙushe a farkon 2022, har jirginsa ɗaya ya karkata zuwa Bahamas da fasinjoji a ciki don gudun kar a kama shi a Amurka kan bashin kuɗin mai, daga baya wasu suka sayi sunan da jirage biyu suka dawo da shi a 2023.

Amma ni a ganina bashin ma ba shi ne ya sanyaya miki kifi ba, mutane ne suka watse. Kin san mai masa a bakin kasuwar Wunti, tanda ɗaya ce, shinkafa ɗaya, amma ranar da babbar 'yarta da ta shekara goma tana juya masar ta yi aure aka sa ƙanwa a kan tanda, ko ba a faɗa miki ba bakinki zai faɗa miki. Haka jiragen nan. Yawancin masu girki da masu kawo abinci da masu gyaran ɗaki 'yan Filifin ne da Indunusiya da Indiya, kwantiragi suke yi na wata 6 zuwa 9 su koma gida su huta su dawo. Da korona ta zo aka kwashe su aka mayar gida, wasu ma sun yi watanni a maƙale a cikin jirgi kafin ƙasashensu su yarda su sauka. Mutumin da ya zauna shekara ɗaya da rabi ba albashi ai ba zai naɗe hannu ba, wani ya buɗe shago, wani ya samu otel a garinsu, wani matarsa ta ce wallahi ba inda za ka sake zuwa. Da aka buɗe harka sai aka nemi tsofaffin hannu aka rasa da yawa, waɗanda suka yarda za su dawo kuma layin biza a ofisoshin jakadanci ya riƙe su. A 2022 abun ya kai kamfanin Cunard ya rage yawan fasinjan da yake ɗauka, kamfanin P&O ya soke wasu tafiye-tafiyen jirginsa Arcadia, duk saboda ba ma'aikata. Sai aka ɗebo sababbi aka koya musu aiki a gurguje aka tura su cikin ɗakin cin abinci mai ɗaukar ɗaruruwan mutane a lokaci ɗaya.

Ni kaina na taɓa hawa sau ɗaya, tafiyar kwana huɗu, bayan an buɗe, ba zan faɗi kamfanin ba. A teburinmu akwai wani dattijon mai kawo abinci ɗan Indunusiya, musulmi, yana ganin lulluɓina ya yi min sallama, da wani yaro sabo da aka haɗa shi da shi. Yaron nan ya ɗauko faranti shida a tire ɗaya hannunsa na rawa, ya ajiye min na wani ya ajiye wa wani nawa, dattijon ya zo ta bayansa shiru ya musanya ba tare da ya ce masa komai a gabanmu ba. Daga baya da na tsokane shi da hira yake ce min cikin abokan aikinsa na da, waɗanda suka dawo ba su kai rabi ba, shi ma don kuɗin makarantar yara ne. Shi ne ya nuna min yadda zan duba alƙibla a waya duk lokacin sallah, don jirgi juyawa yake, inda kika fuskanta da azahar ba nan ba ne da la'asar. Irin wannan sanin ba a koyar da shi a sati biyu. Wanda ya kawo miki tawul ɗin sallah a 2018 irinsu ne, wanda ya kawo miki alade sau uku kuma ina kyautata zaton sabon hannu ne da aka ba teburi fiye da ƙarfinsa, takardar da aka rubuta abun da ba kya ci ma ƙila bai san inda ake dubawa ba.

Sai dai kar in wanke kamfanonin tas, akwai inda da gangan suka tsuke hannu. Gyaran ɗaki sau ɗaya da kika gani ba mantuwa ba ce, doka ce, kamfanonin Norwegian da Royal Caribbean duk sun mayar da yawancin ɗakuna sau ɗaya a rana a 2023, sai manyan ɗakuna masu tsada aka bar musu sau biyu. A ƙarshen 2022 Carnival ya fara karɓar dala 5 ga wanda ya nemi babban faranti na uku, abun da da kyauta ne ko goma za ka ci, Royal Caribbean kuma ya sa kusan dala 17 a kan ƙarin lobsta, wani ƙaton ɗan uwan jatan lande da Turawa ke mutuwar so. Takardar abinci ta rage tsawo, abinci mai kyau an tura shi gidajen cin abinci na musamman da ke cikin jirgin inda sai ka ƙara kuɗi. Su suna cewa don rage almubazzaranci ne, kuma gaskiya wanda ya ga yadda ake cika faranti a zubar a wajen ɗiba da kanka zai ce da ɗan gaskiyarsu, amma biri ya yi kama da mutum, mai bashin biliyoyi in ya fara wa'azin tsimi kin san inda aka dosa. Abun haushin shi ne fasinja bai ragu ba, ƙungiyar kamfanonin ta ce mutum miliyan 29.7 suka hau a 2019, a 2023 suka kai miliyan 31.7. Ciniki ya dawo har ya wuce na da, tikiti ya yi tsada, amma abubuwan da aka janye da sunan korona da yawa ba a mayar ba. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Abu ɗaya da zan so jikarki ta tambayi babanta cikin hikima, tunda ita ba kunya tsakaninsu, shi ne mutum nawa jirgin ke ɗauka. Don kalmar alfarma ɗin nan kowa na liƙa wa kansa. Akwai jirage irin Icon of the Seas da ya fara aiki a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata wajen 2,350, gari guda ne, kowane ma'aikaci na da mutum uku a wuyansa. Akwai kuma na alfarmar gaske irin na kamfanonin Regent Seven Seas da Silversea da Seabourn, yawanci fasinja ɗari huɗu zuwa ɗari bakwai da wani abu, ma'aikata kusan yawan fasinjan. Girkin biki na mutum dubu da girkin da aka yi wa baƙo goma ba za su zo ɗaya ba ko kuku ɗaya ne ya yi. Su ma ƙananan sun sha kuka a shekarun farko bayan buɗewa, musamman da yake wanda ya biya ɗaruruwan daloli a kowane dare ko cokali aka ajiye a karkace sai ya gani, amma su sun fi saurin farfaɗowa saboda sababbin hannun 2022 yanzu sun zama tsofaffi. In Alhaji ya sake cewa ku tafi, ki je Hajiya, amma a rubuta musu maganar abinci tun daga gida, kuma daren farko ki sa a kira miki shugaban masu kawo abinci ki faɗa masa da bakinki.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni ango ne in sha Allah bayan sallah, ina kasuwancin waya a Bauchi, amarya ta ga bidiyon jiragen nan a TikTok ta ce ita kam nan za mu je hutun amarci ko kwana uku ne. Ni damuwata biyu, abincin halal da kuma kar in biya kuɗi in je in tarar ba haka ba. Daga ina ma ake hawa? Daga wani ƙaninki, Bauchi.

AMSA: Ƙanina Allah ya sanya alheri ya kawo ƙazantar ɗaki. Farko dai babu inda za ka hau a Najeriya, sai ka tashi ta jirgin sama daga Abuja ko Kano ko Legas ka je inda suke. Mafi kusa da mu a al'ada guda uku ne, Jidda, Dubai a lokacin sanyi, sai Durban da Cape Town a Afirka ta Kudu inda kamfanin MSC ke yin gajerun tafiye-tafiye na kwana uku zuwa huɗu, wasu zuwa gaɓar Mozambik. Bahar Rum kam sai da bizar Shengen ta ƙasashen Turai mai shiga da fita, don jirgin yau yana Italiya gobe yana wata ƙasar, kuma in takardunka ba su cika ba a bakin tasha za su bar ka, kuɗinka kuma ya tafi.

Tunda halal ce damuwarka, ka duba kamfanin Aroya, na Saudiyya ne, ya fara aiki daga Jidda a Disambar 2024, ba giya ba gidan caca, abincin halal ne, akwai wurin sallah. Wani abun sha'awa, jirgin nasu tsohon jirgin kamfanin Genting Hong Kong ne da korona ta karya, wato iyayen gidan Crystal da na ba Hajiya labari a sama, Saudiyya ta saya ta gyara. Sai dai ka tabbatar daga ina zai tashi a watan da kake so, don jiragen nan suna canza teku da yanayi, kuma tun da aka fara kai wa jiragen ruwa hari a Bahar Maliya a ƙarshen 2023 kamfanoni da yawa suke sauya hanya.

In kuma wani kamfanin ka zaɓa, kar ka yarda da ejan ya ce maka ai ba matsala akwai halal, ka sa ya rubuta musu makonni kafin tafiya su amsa a rubuce. Wasu suna tanadar naman halal in an sanar da wuri, wasu kifi da ganye kawai za su ce ka ci. Kuma ba alade ne kaɗai abun dubawa ba, Turawa na zuba giya a miya da romo, kayan zaƙi masu santsi kuma sau da yawa da jelatin ake yi wanda ana samunsa daga alade, ka tambaya kar ka ji nauyi. Wanda ya yi rajistar abinci na musamman akan kawo masa takardar abincin gobe tun daren yau ya zaɓa a girka masa daban. Dabara ɗaya da na koya, kicin ɗin jiragen nan cike yake da kukun Indiya, ka ce kana son abincin Indiya mai yaji, shinkafa da wake da miyar da za ta tuna maka gida, don in ka biye wa dankalin Turawa da ba gishiri ba barkono kwana biyu amarya za ta fara kukan tuwo. Yajin ƙuli a leda a rufe ba laifi, amma kilishi da dambun nama kar ka ɗauka in Turai ko Amurka za ka bi, kwastan ba sa barin nama ya shiga, kwacewa za su yi har da tara. Dutsen guga da hita ma ba a shiga da su jirgi saboda gobara.

Maganar kuɗi kuma, farashin da ka gani a talla ba shi ne ƙarshe ba. Manyan jirage na ɗora tukuicin ma'aikata a kan bil ɗinka kai tsaye, wajen dala 16 zuwa 20 kowane mutum kowace rana, ku biyu ka lissafa, ga intanet da kuɗinsa, ga lemo, ga yawon gari in an tsaya a tasha. Na alfarmar gaske sun haɗa yawancin wannan a cikin tikiti shi ya sa kuɗinsu ke tsorata mutum. Ka buga komai da canjin dala na yau, kai ɗan kasuwa ne ka fi ni sanin abun da ya samu naira tun Yunin 2023. Sannan kar ka karanta sharhin fasinjojin 2019 ka ɗauka haka abun yake, ka nemi na watannin nan, na wannan jirgin da sunansa, don kamfani ɗaya jirgi biyu hidima daban. Jiragen da ke zuwa Amurka ma CDC na duba tsaftarsu tana ba su maki cikin 100, wanda ya samu 85 ko ƙasa ya faɗi, kuma sakamakon a buɗe yake a shafinsu. Ni dai shawarata ku fara da kwana uku ko huɗu, ku sayi maganin jiri tun daga gida, ku nemi ɗaki a tsakiyar jirgi can ƙasa-ƙasa inda ba ya girgiza sosai, don amaryar da ba ta taɓa hawa ko kwale-kwale ba ba ka san yadda cikinta zai karɓi teku ba.

TAMBAYA: Anti na gama difloma a harkar otel da girki, na ji ance jiragen nan na neman ma'aikata ido rufe tun bayan korona. Wani a WhatsApp ya ce in tura dubu ɗari takwas zai samo min aikin kicin. In tura? Daga Tumfure, Gombe.

AMSA: Kar ka tura ko naira ɗaya ɗana. Yarjejeniyar ma'aikatan ruwa ta duniya ta 2006 ta hana ejan karɓar kuɗi a hannun ma'aikaci don samo masa aiki, kamfani ne ke biyan ejan, kai abun da ke kanka fasfo ne da gwajin lafiya da littafin ma'aikacin ruwa, wanda a nan hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta NIMASA ke bayarwa, sai horon kare kai a ruwa da ake kira STCW. Ka shiga shafin kamfanin da kanka, suna da sashen neman aiki, wasu har da jerin ejan ɗin da suka amince da su, in sunan mutumin nan ba ya ciki ka toshe lambarsa. Kuma tsananin neman da ka ji na 2022 ne, yanzu sai mai gogewa, yawanci suna son wanda ya yi shekara ɗaya ko biyu a babban otel kuma Turanci ya zauna a bakinsa. Ka sani aikin ba hutun mako, kwana 7 ne a sati wata da watanni, awa 10 ko fiye a tsaye, ɗaki ƙarami ku biyu ko fiye a ƙasan jirgi ba taga, kuma a kicin ɗin za a iya sa ka yanka alade ko zuba giya a miya, wannan ka tambayi malaminku tun kafin ka cike fom. Dubu ɗari takwas ɗin nan in da gaske kana da ita, ka riƙe abarka ka nemi aiki a otel a Abuja ko Legas ka fara tara shekarun da za su tambaye ka.

Mai tambaya kan kuɗin jirgin Umara daga Gombe, saƙonki ya iso, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.